Tabkin Timiya da ladabin baƙo

Yara, ku ɗauko taswirar ƙasarmu ku shimfiɗa ta bisa tebur. Ku nemo Maraɗi da Damagaram, ku nemo Tawa da Yamai. Dukansu suna wajen kudu, inda ake noman hatsi. Yanzu ku ja yatsa zuwa arewa. Mai zanen taswira ya shafe wurin da rawaya. Saboda wannan launi, yara da yawa suna tsammani babu kome a arewa sai rairayi. Har cikin manya akwai masu wannan tsammani.

To, ku duba da kyau. A tsakiyar rawayan nan akwai wani wuri mai duhu-duhu. Duwatsun Abzin ke nan, waɗanda wasu littattafai ke kira Ayir. A cikinsu ne dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar yake, bisa tudun Bagazan. Tsawonsa mita 2022. A tsakanin duwatsun nan akwai ƙoramu, akwai garake, akwai kuma ƙananan tabkuna waɗanda ruwansu ke kwance cikin dutse kamar cikin ƙwarya. Abzinawa suna ce wa irin wannan tabki agalmam. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne na Timiya.

Ga ra'ayina a kan wannan wuri. Ya kamata ɗiyan Nijar su san shi, wanda ya samu hali kuma ya je ya gani da idonsa. Amma duk mai zuwa ya tuna shi baƙo ne. Ruwan yana da masu shi, kuma baƙo shi ne na ƙarshe a layi. Bari in faɗa muku dalilaina, ku kuma ku auna su.

Hanyar Timiya

Daga Tawa zuwa Agadas tafiyar wajen kilomita 400 ce. Mutumin Damagaram kuwa sai ya bi ta Tanut. Daga Agadas sai a nufi arewa maso gabas, a yi fiye da kilomita 200 bisa hanyar da ba ta da kwalta. Mota tana hawa dutse, tana gangarawa cikin ƙorama, tana sake hawa. Ana iya wuni ana tafiya. Ido ba ya ganin kome sai baƙin dutse da ƙayoyi. Can sai kore ya ɓullo: itatuwan dabino, lemu da rumman, jere a bakin ƙorama. An iso Timiya.

Tabkin yana ɗan nesa kaɗan da gari. Ruwa yana gangarowa daga saman dutse, yana zuba cikin wani kwari da duwatsu suka kewaye. Da damina yana zubowa da ƙarfi. Da rani sai ya rage ƙwarai. Kada ku kwatanta shi da tabkin Madarunfa ko na Tabalak, waɗanda ake shiga da jirgi a jefa taru. Wannan ƙarami ne. Darajarsa tana cikin wurin da yake. Moɗa ɗaya a hamada ta fi randa a bakin gulbi.

Daga ina ruwan yake zuwa? A Maraɗi, ruwan saman da ake samu a shekara yakan kai wajen milimita 500. A ƙasar Agadas kuwa bai cika wuce 150 ba, kuma kusan dukansa cikin Yuli da Agusta da farkon Satumba yake sauka. In ya sauka bisa gona, ƙasa takan shanye shi. In ya sauka bisa dutse, sai ya gangara. Ruwan dutse goma ya haɗu cikin ƙorama ɗaya, ya yi gudu kamar doki. Bayan sa'o'i kaɗan ƙoramar ta bushe. Amma ruwan bai tafi duka ba. Wani ya nutse cikin rairayin ƙorama ya ɓuya. Shi ne masu garake ke samu in sun gina rijiya. Wani kuma ya maƙale cikin ramin dutse. Dutse ba ya shan ruwa, inuwar duwatsu kuma tana kare shi daga rana. Haka tabkin dutse yake samuwa.

Ku riƙe wannan da kyau, don a kansa maganata ta dogara. Ruwan gulbi yana tafiya, yana wanke kansa. Ruwan tabkin dutse kuwa, in rani ya yi, kusan a tsaye yake. Abin da aka jefa cikinsa a watan Disamba yana nan har damina ta zo.

Masu ruwa

Su wane ne masu wannan ruwa? Na farko su ne mutanen wurin. Abzinawan Timiya, waɗanda ake kira Kel Ewe, sun daɗe suna rayuwa da ruwan ƙoramarsu. Da, raƙumi ko sa shi ke jan guga daga rijiya, ruwa ya bi ƴan hanyoyi ya shiga fangali. Yanzu da yawa sun sayi injin jan ruwa. Suna noman alkama da masara, albasa da tafarnuwa, ga kuma lemu da rumman da ake kai wa kasuwar Agadas. Mata suna kiwon awaki cikin kwaruruka, suna yin cuku.

Mutanen nan ba baƙinmu ba ne. Ku tambayi kakanninku labarin ayari. Abzinawa ne ke ƙetare Tenere da raƙuma zuwa Bilma, su ɗauko gishiri da dabino, su kawo ƙasar Hausa, su koma da hatsi. Kantun gishirin da dabbobinmu ke lasa, ta hannunsu ya daɗe yana zuwa. Shi ya sa da yawa cikinsu suna jin Hausa sarai.

Na biyu su ne namun daji da tsuntsaye. A tabkunan da ke kusa da gari, an fi ganin tsuntsaye da sawun dila. A waɗanda ke can cikin duwatsu, nesa da mutane, ragon dutse yakan sauko. Dabba ce mai manyan ƙahoni masu lanƙwasa, da dogon gashi a wuya da ƙirji. Launinsa launin dutse ne. In ya tsaya cik, sai ka wuce ba ka gan shi ba. Akwai agwada mai shan hantsi bisa fa. A duwatsun Tamgak, arewa da Timiya, an san da garken bika, waɗanda hamada ta raba da ƴan'uwansu na kudu tun zamani mai nisa. Barewa tana iya daɗewa ba ta sha ruwa ba, don ganyen da take ci yana isar ta. Bika kuwa ba ya iyawa. In babu tabki, babu shi.

Akwai wani tsuntsu mai kama da kurciya, wanda ke yin ƙwai bisa ƙasa, nesa da ruwa. Namijin yakan zo tabki ya jiƙa gashin cikinsa, ya tashi ya kai wa ƴaƴansa su tsotsa. Akwai kuma ƙananan tsuntsaye masu tasowa daga Turai in sanyi ya gabato. Suna ƙetare teku, suna ƙetare Sahara. Wasunsu a irin waɗannan wurare suke sauka su huta. Saboda haka ne a shekarar 2005 aka sa tabkuna da dausayin Abzin cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971.

To, ku jera su: mai garka, mai kiwo, ragon dutse, tsuntsu. Dukansu don rai suke zuwa. Mai yawon buɗe ido shi kaɗai ne ke zuwa don nishaɗi. Shi ya sa na ce shi ne na ƙarshe a layi.

Don me za mu je?

Wani zai ce: "Malam, in haka ne, mu zauna gida mana." A'a. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A aji ina iya zana muku dutse a allo, in rubuta "zaizayar ƙasa" da alli. Amma yaron da ya taɓa dutsen da ruwa ya goge har ya yi santsi kamar tasa, ya gama fahimtar darasin. Yaron da ya ga lemu yana nuna a tsakiyar hamada ba zai sake zubar da ruwa a banza ba.

Jiki ma yana samun rabonsa. Hawan dutse yana ƙarfafa ƙafa da numfashi. Iska tana da tsabta. Da dare taurari suna fitowa fiye da yadda ake ganinsu a birni. Wanda ya zauna shiru minti goma a bakin ruwa zai ji kukan tsuntsayen da bai taɓa ji ba.

Akwai dalili na uku, kuma a gare ni shi ya fi nauyi. Ƙasa ɗaya muke, amma ɗan Maraɗi bai san ɗan Timiya ba. Wanda ba ka sani ba, kowace ƙarya aka faɗa maka a kansa sai ka yarda. In ka sha shayi a gidan mutum, ka ga wahalar da yake sha kafin albasarsa ta iso kasuwarku, ba mai iya zuga ka a kansa. Zumunta a ƙafa take. Ban da wannan, zuwan baƙi yana kawo ciniki. Jagora yana samu, mai raƙumi yana samu, maƙerin azurfa da mai saƙar tabarma suna samu.

Maganar masu cewa a rufe

Akwai mutane masu hankali da ba su yarda da ni ba. Suna cewa duk inda ƙafar baƙo ta shiga, ɓarna ta shiga. Gara a rufe irin waɗannan wurare, a bar su ga masu su. Kada mu raina maganarsu, don suna da shaida.

Shaidarsu ta farko itacen Tenere ne. Itacen ƙaya ne guda ɗaya tak, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada, gabas da Abzin. Ayari bayan ayari sun yada zango kusa da shi, ba wanda ya sare shi don dafa shayi. A shekarar 1973 wani direban babbar mota ya buge shi ya kayar. Duk faɗin hamada bai ishe shi ba! Ƴan makarantar Yamai suna iya zuwa gidan tarihi na ƙasa su ga gawarsa. A inda yake da, an kafa itacen ƙarfe, wanda ba ya inuwa, ba ya ƴaƴa.

Shaida ta biyu mariri ne, farar dabba mai dogayen ƙahoni kamar takobi. Da, garkensa yana yawo a bakin hamadarmu. Fari ya rage shi, masu farauta da mota da bindiga suka ƙarasa shi. A shekarar 2000 masana suka ba da sanarwa cewa ya ƙare a daji, sai wanda ake kiwo a killace. Sai a 2016 aka fara mayar da wasu daji a ƙasar Cadi.

Duk wannan gaskiya ne. Amma ga abin da nake so su duba. A shekarar 1988 gwamnati ta keɓe gabashin Abzin da wani yanki na Tenere, wajen hekta miliyan 7 da dubu 700, ta mai da shi gandun namun daji. Timiya ba ta da nisa da shi. A 1991 hukumar UNESCO ta sa gandun cikin kayan gadon duniya. Shekara ɗaya bayan haka, a 1992, ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari, saboda tashin hankalin da ya auku a arewa. A shekarun nan baƙi sun ɗauke ƙafa. Aikin tsaron daji ya tsaya. Wurin ya rufu kamar yadda masu wancan ra'ayi ke so. Me ya faru? A lokacin ne aka kusan ƙarar da jiminun Abzin, waɗanda da ake gani garke-garke. Daga baya sai da aka koma kiwon jimina a killace, kamar a Kelle ta ƙasar Gure, da fatan wata rana a mayar da ita daji.

Ashe rufe ƙofa ba ya hana ɓarawo. Mai ɓarna ya fi son wurin da babu ido. Abin da ke tsare tabki shi ne mutanen wurin su ga amfanin tsare shi, sauran ƴan ƙasa kuma su san da shi, har su ji zafi in an taɓa shi. Ba wanda ke kuka don abin da bai sani ba. Ku ne za ku zama malamai, ma'aikatan gandun daji da shugabannin gobe. In ba ku san Abzin ba, wa zai tsaya mata?

Akwai masu wata magana kuma: hanya da nisa, kuɗin mota da yawa, kuma ba kullum hanya ke da lafiya ba. Wannan ma gaskiya ne. Ba na ce wa kowane yaro ya ɗauki jaka ya kama hanya ba. Irin wannan tafiya sai da izinin iyaye da na hukuma, sai da manya, sai lokacin da mahukunta suka ce hanya ta yi kyau. Wani cikinku zai je yana saurayi, wata sai ta zama ma'aikaciya. Amma ladabin zuwa, tun yanzu ake koyonsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ladabin baƙo

In Allah ya kai ku, ku fara da gaisuwa. Ku je wurin mai gari, ku faɗi abin da ya kawo ku. Ku ɗauki jagora ɗan wurin, ku biya shi hakkinsa. Baƙo ko da ido makaho ne. Jagora ya san inda dutse ke da santsi, ya san inda ruwa ke da zurfi, ya san inda ba a shiga.

Kada sabuni ya taɓa tabki. Mai son wanka ko wanki ya ɗebi ruwa a bokiti, ya tafi nesa. Kada a yi fitsari ko bayan gida kusa da ruwa. Kun koya a darasin tsabta cewa ta haka tsargiya da zawo ke yaɗuwa. In mutanen wurin sun yarda a yi iyo, sai wanda ya iya, kuma da babba a tsaye. Kada a yi tsalle daga saman dutse, don ba a ganin abin da ke ƙarƙashin ruwa.

Abin da kuka zo da shi, ku koma da shi: leda, gwangwani, kwalba, tsohon batir. Akuya tana cin leda, ledar ta toshe mata ciki, ta rame ta mutu. Akuya ɗaya kuwa nonon gida guda ce.

Ku bar danƙon harbi a gida. Ku kashe radiyo, ku rage murya. Wanda ke son ganin naman daji, haƙuri ne makaminsa. Ya zauna nesa, ya yi shiru, ya sa iska tana busowa daga wajen dabba zuwa wajensa. In kun ga sheƙa, ku duba da ido kawai. In za ku ɗauki hoton mutum, ku tambaye shi tukuna.

In rana ta yi sanyi, ku tashi daga bakin ruwa. Magariba da asuba lokacin masu ruwa ne. Dabbar da ta wuni da ƙishirwa tana laɓe tana jira. In ta ga wuta ko ta ji ƙanshin mutum, sai ta koma ba ta sha ba. Saboda haka a yi zango nesa da tabki. Kada kuma a kwana cikin ƙorama, ko da rairayinta ya yi laushi. Ana iya yin ruwa can bisa duwatsu, inda ba ku gani ba, ambaliya ta iso cikin dare. A watan Satumba na 2009 ruwan ƙoramar Telwa ya rushe gidaje masu yawa a Agadas.

Kada ku sari ɗanyen itace. A can itace yakan yi shekaru kafin ya kai tsawon mutum. Kada ku rubuta sunanku bisa dutse. A duwatsun Abzin akwai zanen da mutanen da suka yi tun shekaru dubbai. A Dabus, sun sassaƙa raƙumin dawa mai tsawon fiye da mita 5. Zanen yana gaya mana cewa wurin ya taɓa zama daji mai ruwa da ciyawa. Wanda ya kankara sunansa kusa da irin wannan, ya nuna wa duniya rashin tarbiyyarsa ne kawai.

Mu fara daga gida

Timiya tana da nisa, amma ruwa yana kusa da kowa. Ƴan Maraɗi suna da tabkin Madarunfa. Ƴan Tawa suna da Tabalak. Ƴan Damagaram suna da Gidimuni. Ƴan Yamai ga kogin Kwara a gabansu. Wanda garinsu ba shi da ko ɗaya, ai akwai tabkin bayan gari da ke cika da damina.

Ku roƙi malaminku ya kai ku wata safiya. Kowa ya riƙe littafi da fensir. Ku ƙirga irin tsuntsayen da kuka gani, ku tambayi tsofaffi sunayensu. Ku zana sawun da ke bakin ruwa. Ku tambayi masunta da makiyaya yadda tabkin yake lokacin da suke yara. Kafin ku taso, ku tsince ledar da ke wurin, ko ba ku kuka yar ba. Yaron da ya iya baƙunci a tabkin garinsu, ranar da ya isa Timiya za a yi murna da zuwansa, a kuma roƙe shi ya sake dawowa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwa ke daɗewa cikin tabkin dutse?
2. Su wane ne marubucin ya kira "masu ruwa"? Don me ya ce baƙo ne na ƙarshe a layi?
3. Wace shaida masu cewa a rufe wurin suka kawo? Wace amsa aka ba su?
4. Kai, wane ra'ayi ka fi yarda da shi? Kawo dalili biyu.
5. Ku rubuta dokoki biyar na ziyarar tabkin garinku, ku manna su a bangon aji.